Rawar Sitiyari: Abin Da Ke Cinye Tayoyin Manyan Motoci

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tafa ko Mararrabar Jos da yamma, lokacin da tireloli da tankokin mai ke jeruwa a gefen titi, zai lura cewa masu faci ba su da hutu. Akan kwantar da taya a ƙasa, yara biyu ko uku su taru a kanta da guduma da ƙarfe, a cire, a liƙe, a mayar, a ɗura iska, a ɗaure, direba ya biya ya kama hanya. Abin da ba a cika gani ba shi ne a ɗora tayar a kan na'ura domin a auna ko nauyinta ya daidaita. Wannan aiki, wanda makanikai ke kira balansin, masu ƙananan motoci sun saba da shi, amma a wajen manyan motoci mutane da yawa sun ɗauke shi tamkar ƙawa, a kan cewa gingimari ta fi ƙarfin 'yar girgiza. Lissafi kuwa bai goyi bayan wannan zato ba.

Babu tayar da ke fitowa daga masana'anta nauyinta daidai wa daida ta kowane gefe. Inda zarurrukan ƙarfe da roba suka haɗu yakan ɗara sauran wurare nauyi, shi ma wili yana da nasa bambancin, sa'an nan faci da laka da cin da hanya ke yi wa taya duk suna ƙarawa. Idan taya tana tsaye, wannan bambanci ba ya nuna kansa. Da zarar ta soma juyawa, sai wurin da ya fi nauyi ya riƙa fizgar ta waje, kamar yadda dutse ke fizgar hannun mai kaɗa majajjawa.

Tayar tirela irin wadda ake sa wa wili mai inci 22 da rabi tsayinta ya ɗan wuce mita ɗaya, kuma takan juya kimanin sau 300 a cikin kowace kilomita. A ce gefe ɗaya na bakinta ya fi sauran da rabin kilo kawai, wanda ba wani abu ba ne a jikin taya da wili masu nauyin kusan kilo 100. A gudun kilomita 40 cikin sa'a, rabin kilon nan yana fizga da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 12. Idan aka ninka gudun ya zama 80, fizgar ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi, watau kusan kilo 47, kuma tana aukuwa fiye da sau shida a kowace daƙiƙa. Ko a kilomita 60, wadda ita ce iyakar da dokar hanya ta yanke wa tirela da tanka a babban titi, ƙarfin ya kai kilo 27. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, saboda haka a zuwa ɗaya kaɗai tayar za ta doki titi da wannan ƙarin ƙarfi kusan sau 300,000.

Ana samun rashin daidaiton iri biyu. Akwai wanda nauyin ya taru a wuri ɗaya a tsakiyar faɗin taya, wannan yakan sa ta riƙa tsalle sama da ƙasa. Akwai kuma wanda nauyin ya karkata zuwa gefen ciki ko na waje, shi kuwa yakan sa ta riƙa lilo dama da hagu, kuma shi ne direba ya fi ji a tafin hannunsa in sitiyari ya kama rawa. Alamar da ta fi bayyana ita ce girgizar takan zo a wani ƙayyadadden gudu, ta ragu idan an sassauta. Direbobi da yawa sun san daidai inda motarsu ke soma wannan rawa, har sun koyi kauce mata, amma kaucewa ba ta warkar da komai.

Ɓarnar tana farawa daga tayar kanta. Maimakon zanenta ya ci bai ɗaya, sai a ga ya yi kwari-kwari, nan ya suɗe can da saura, har a yar da taya tun ba ta yi kwananta ba. Daga nan dukan yakan gangara zuwa boris da sifirin da sandunan da ke haɗa sitiyari da ƙafafun gaba, ya kuma gajiyar da direban da zai kwana yana riƙon sitiyari mai karkarwa. Taya mai tsalle ba ta kama titi sosai, wannan kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne ga motar da ta ɗauko tan talatin ta zo gangara cikin ruwan sama.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, domin yana sa ana kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba. Daidaita nauyin taya daban, saita ƙafafun mota daban, watau abin da ake kira alaimen. Na farko yana gyara yadda nauyi ya rarrabu a jikin taya, na biyu yana gyara inda tayoyin suka fuskanta. Motar da ke ja zuwa gefe ɗaya, ko take cin taya ta baki ɗaya, ƙafafunta ne ke neman saiti. Bugu da ƙari, wilin da ya lanƙwashe a rami, ko tayar da ba ta zauna daidai a bakin wili ba, ko an lafta musu dalma ba za su daina girgiza ba, don kuwa matsalarsu rashin zagaye ce.

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin a kai ga na'ura. Ana kankare tsatsa da laka daga wili, a shafa wa bakin taya man da aka yi domin haka, ba baƙin mai ba, wanda ke lalata roba. A jikin sababbin tayoyi da yawa akwai ɗigon fenti: rawaya yana nuna wurin da ya fi sauƙin nauyi, ana kuma saita shi da bawul, ja kuwa yana nuna wurin da ya fi tudu. Bayan an ɗura iska sai a duba siririn layin da ke zagaye da bakin taya, a tabbata tazararsa da wili ɗaya ce ko'ina. Sa'an nan ne ake ɗora ta a na'ura, ta juya ta, ta nuna giram nawa za a maƙala kuma a wane wuri. A da dalma ce kawai ake amfani da ita, amma saboda gubarta ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sa ta a ƙananan motoci tun 1 ga Yuli 2005, aka koma ga tutiya da ƙarfe. Akwai kuma wata dabara ta zuba ƙananan duwatsun gilashi ko tangaran a cikin taya, waɗanda ke watsuwa da kansu idan ta ɗauki gudu, sai dai suna bukatar busasshiyar iska, domin danshi yana iya dunƙule su.

Masu harkar sufuri sun sha bamban a kan ko lalle ne a auna kowace taya. Da yawa sun tsaya ga na gaba kaɗai, tun da su ne ke riƙe da sitiyari, kuma fashewarsu ta fi kowacce haɗari. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga wanda aljihunsa bai kai ba, amma ba ta wanke na baya daga kulawa ba. Tayoyin da ake haɗawa biyu-biyu tilas tsayinsu ya yi kusa ƙwarai, kada bambancin ya wuce kamar milimita 6, in ba haka ba doguwar za ta ɗauki kayan ita kaɗai ta yi zafi, gajerar kuma ta riƙa gogar titi.

Abin da ya ƙara wa zancen nauyi a Nijeriya shi ne asalin tayoyin. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008, aka koma dogaro da na shigowa, waɗanda farashinsu ke bin canjin kuɗin waje. Wannan ya tura masu motoci da dama zuwa ga tayoyin gwanjo, waɗanda suka riga suka ci a kan wata mota da wani titi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunne a kansu. Mai saye yana iya sanin shekarun taya daga lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Jami'in da ke kula da motocin ma'aikata ko na ƙaramar hukuma ba ya bukatar zama bakanike kafin ya sa ido a kan wannan. Ya isa ya buɗe wa kowace taya shafi a littafi, a rubuta ranar da aka sa ta, da inda aka sa ta, da kilomitocin da ta yi kafin a cire, a kuma sake auna ta duk lokacin da aka yi mata faci. Bayan an mayar da ita kan mota, ana ɗaure notocinta ne a gicciye da sifana mai awo, sa'an nan a sake bin su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, domin a wannan tsakanin ne wili ke gama zama a mazauninsa.