Yadda za ka auna saurin intanet ɗin wayarka, da abin da lambobin ke nufi

Sandunan sabis da ke saman allon wayarka ba saurin intanet suke nunawa ba. Ƙarfin sigina ne tsakanin wayar da turken da ta kama. Shi ya sa za ka ga sabis cike, ga 4G a rubuce, amma hoto ɗaya ya ƙi sauka a WhatsApp. Turken yana jin ka sarai, mutanen da ke kansa ne suka yi yawa.

In kana son sanin ainihin abin da kake samu, sai ka auna. Hanyoyi biyu suka fi shahara: Speedtest na kamfanin Ookla, wanda ke aiki tun 2006, da Fast.com da Netflix ta fito da shi a 2016. Shi na biyun ba ya buƙatar sauke manhaja, da ka buɗe shafin zai fara awo.

Lambobi uku ne abin dubawa. Akwai saurin saukewa, wanda kallon bidiyo ya dogara da shi. Akwai saurin ɗorawa, wanda ya shafi mai tura bidiyo a TikTok ko mai kasuwanci da ke saka hotunan kaya. Sai jinkirin amsa, wanda Speedtest ke rubutawa Ping, ana lissafa shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Shi ƙarancinsa ake so. Mai buga wasa a intanet ko kiran bidiyo ya fi damuwa da shi: Ping 40 lafiya lau, amma in ya kai 200, sai ka yi magana a daɗe kafin a ji ka.

Ga inda aka fi rikicewa. Awon yana fitowa ne da Mbps, wato megabit a daƙiƙa, shi kuwa girman fayil da datar da kake saya da megabait ake lissafa su. Bit 8 ne ke yin bait 1. Don haka in ka ga 16 Mbps, raba da 8, megabait 2 kake samu a daƙiƙa. Fim mai nauyin 600MB zai ɗauke ka minti 5 ke nan. Kuma ba sai ka samu lamba mai ban tsoro ba, Netflix kanta 5 Mbps ta ce ya isa kallon bidiyo mai ingancin 1080p.

A kula, awon ba kyauta ba ne. Manhajar tana sauke bayanai na gaske domin ta ga iya gudun layin. A kan 40 Mbps, daƙiƙa 10 kacal sun cinye 50MB, ban da ɗorawa. Mai datar 1GB da ke ta danna awo don nishaɗi, aljihunsa yake ci.

Ni a wajena awo ɗaya kusan bai da amfani. Abin da ke da amfani shi ne bibiya. Ɗauki kwana 5 zuwa 7, ka riƙa aunawa bayan asuba, da rana, da kuma wajen ƙarfe 9 na dare, a wuri ɗaya. Kafin ka danna, kashe VPN, cire waɗanda ka raba wa intanet daga wayarka, ka tabbatar Play Store ba ya sabunta manhajoji a ɓoye. Speedtest yana ajiye tarihin sakamako, amma ka rubuta wurin da ka tsaya da kanka.

Daga nan bayanan za su faɗa maka inda matsalar take. In da asuba gudu yake, da dare ya faɗi, cunkoso ne a turken unguwarku, sauya waya ba zai yi magani ba. In a ɗaki ya yi ƙasa, a tsakar gida ya tashi, bango ne ke tare sigina. In kuwa ko'ina kuma ko yaushe haka yake, saka layin a wata wayar ka gwada, sannan ka duba sharuɗɗan datarka, domin wasu tsare-tsaren suna rage gudu da zarar an wuce wani adadi.

Wajen turawa abokai sakamako, lamba tsura ba ta taimakon kowa. Wanda ke shirin sayen layi ko na'urar MiFi a unguwarku yana buƙatar sanin lokacin da ka auna, da sunan unguwar, da ko 4G ne ko 5G, da irin wayar. Sannan ka duba hoton allon kafin ka tura, domin waɗannan shafukan kan nuna adireshin IP ɗinka. Goge shi.

Wannan tarihin shi ne hujjarka in za ka kai ƙorafi. A Najeriya, kamfanin layinka za ka fara kira, ka karɓi lambar ƙorafin ka ajiye. In ba a gyara ba, sai ka kira hukumar sadarwa ta NCC a 622, kiran kyauta ne, ka ba su lambar tare da ranaku da lokutan da ka auna.