Tumatir da Yuriya: Kada Mu Yi wa Ƙwari Kiwo

Duk wanda ya taɓa noman tumatir a bakin kogin Bahar Azraƙ, daga Maiwurno zuwa Singa, ko a hawashar Jazira, ya san wannan takaici. Shuka za ta taso kore shar, sai kwatsam ganye ya nannaɗe, ya yi rawaya, fure ya kakkaɓe. Farin ƙuda ne ke yaɗa wannan cuta, kuma in ta kama shuka, ba ta da magani.

Da yawanmu mun ɗauka feshi ne kaɗai mafita, alhali Jazira ta riga ta koya mana darasi. A ƙarshen shekarun 1970 an yi ta feshin auduga da jirgin sama babu ƙaƙƙautawa. Maganin ya kashe ƙwarin da ke cin farin ƙuda, shi kuwa ya saba da gubar, ya hayayyafa, har danƙonsa ya ɓata audugar Sudan a kasuwar duniya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a 1993 Hukumar Binciken Noma ta Wad Madani, tare da FAO, suka buɗe makarantun manoma a cikin gona.

To, abin da masana suka gano shi ne, tumatir yana da makaminsa. In muka murza ganyen, za mu ji gashi-gashi da wani wari mai ƙarfi. A kan wannan gashi akwai danƙon da ke hana ƙananan ƙwari sakewa. A cikin ganyen kuma akwai wani ɗaci da ake kira tomatin, mai hana tsutsa girma. Har ma in tsutsa ta fara ci, shukar kan saki ƙamshin da ke jawo ƙwarin da ke farautar tsutsar.

A nan ne maganar taki ta shigo. Baƙar ƙasar Jazira tana da ƙarancin naitorojin, don haka ba makawa sai an sa yuriya. Amma in aka zuba ta da yawa lokaci guda, ganye kan yi taushi, ruwansa ya cika da abinci, ɗacin kuma ya ragu. Farin ƙuda ya fi zuba ƙwai a irin wannan shuka. Haka ma tsutsar Tuta absoluta, wadda ta shigo Sudan a 2010, ta kuma cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016. Ashe wani lokaci da kuɗinmu muke yi wa ɓarawo tuwo.

Abin yi ba mai wuya ba ne. Mu raba yuriyar kashi biyu ko uku, mu haɗa da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Mu rufe gadon iri da gidan sauro, domin cutar ta fi yin ɓarna ga ƙaramar shuka. Mu tuge wadda ta kamu tun da wuri. Kada kuma mu raina dogon yaro: a nan Sudan ne, a 1959, wani masani Bajamushe mai suna Shumutara ya lura fara ta cinye kowane ganye ta bar nasa. Ruwan dakakkun 'ya'yansa yana rage wa ƙwari ci.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya rusa harkar noma a Jazira, iyalai da dama sun dawo gona hannu wofi. Mai buhun yuriya ɗaya ya auna shi da hankali, domin da shi za a ciyar da gida. Allah ya ba mu zaman lafiya da albarkar noma, amin.