Kunkuru da Kififiya a Kan Hanya

Hanyar Maiduguri ta ratsa ta Hotoro. Dare da rana manyan motoci da tankokin mai suna bin ta, wasu kuma suna ɗauke da kaya zuwa masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Amma ba mutane kaɗai ke ƙetare titi ba. Da damina, in ruwa ya sauka, akan ga ƙananan dabbobi sun fito suna neman wucewa. Cikinsu har da kunkuru da kififiya.

Kunkuru a tudu yake zaune. Ƙoƙon bayansa tudu ne mai tauri, ƙafafunsa kuwa dunƙulallu ne kamar na giwa. Ita kififiya cikin ruwa take zama, a kogi irin na Challawa ko a kududdufi. Bayanta shimfiɗaɗɗe ne mai taushi, akwai kuma fata tsakanin yatsunta kamar na agwagwa.

Me ke fito da ita daga ruwa? Wani lokaci sabon tafki take nema. Wani lokaci kuma macen ce ke neman ƙasa mai yashi, ta haƙa rami ta zuba ƙwai. Saboda haka in mota ta take ta, ba ita kaɗai aka rasa ba, har da 'ya'yan da za ta bari.

Kunkuru bai san gudu ba. In ya ji tsoro sai ya janye kansa ya tsaya cik. Wannan dabara takan tsare shi daga kare, amma ba ta tsare shi daga tayar mota. Ƙoƙon nan ƙashi ne, haɗe yake da haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa. In ya fashe, ciwo yake ji ƙwarai.

Kififiya ba ta da haƙora, amma bakinta yana da kaifi, wuyanta kuma dogo ne. Tana iya juyo da kai ta ciji wanda ya riƙe ta. Akwai irinta a Amurka da Kanada, wadda ta yi suna wajen cizo. Ba mugunta ce ke sa ta ba, tsoro ne.

To, yara, in kun ga ɗayansu a titi, kada ku faɗa da gudu. Ranku ya fi kome. Ku kira babban mutum, ya duba dama da hagu tukuna. Sa'an nan ya tura ta kan shebur ko katako, ya kai ta gefen da ta dosa, don in an mai da ita baya za ta sake hawowa. Kada a ɗauke ta ta wutsiya, kada a kai yatsa kusa da bakinta. Kada kuma a jefa kunkuru cikin ruwa, gama bai iya iyo ba. In an gama, a wanke hannu da sabulu.

Babban kunkurun ƙasashenmu yana raguwa ƙwarai. Yaron kirki ba ya jifansa, ba ya kuma kai shi kasuwa.

Tambayoyi
1. Yaya za ka bambanta kunkuru da kififiya?
2. Don me ake kai ta gefen da ta dosa?
3. Wa za ka kira in ka gan ta a titi?