TSIBIRIN MORIS: DAGA GONAR RAKE ZUWA MASAƘA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu kai ku nesa, can tsakiyar teku. Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye gabas da yamma, kudu da arewa. Ba a shigarta da ƙafa ko da mota, sai da jirgin ruwa ko na sama.

Tsibirin da za mu ba ku labarinsa sunansa Moris. Yana cikin tekun Indiya, gabas da Madagaskar. Tsawonsa kamar kilomita 65 ne, faɗinsa 45. Mutanensa ba su wuce miliyan ɗaya da dubu 300 ba. Ba a haƙar zinariya a can, ba man fetur, ba ƙarfe. Duk da haka yau ana lissafa shi cikin ƙasashen Afirka masu rufin asiri. Yaya aka yi?

ƘASA MAI ƘAFA ƊAYA

Lokacin da Moris ta samu mulkin kai daga hannun Ingila a 1968, abu guda ta dogara gare shi: rake. Ana noma shi, a kai gidan inji a matse, a yi sukari, a loda wa jirgi. Sukari ya fi kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasar ke saidawa waje.

Kowane manomi ya san haɗarin shuka iri ɗaya. A 1960 wata babbar guguwar teku ta faɗa wa tsibirin, ta kwantar da rake, ta rushe gidaje. Ga jama'a tana ƙaruwa, ga gonaki ba wurin ƙarawa, don teku ya tare ko'ina. Samari da yawa suna zaune ba aiki.

YADDA MASAƘU SUKA SHIGO

Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. A 1970 gwamnati ta yi doka: duk wanda ya kafa masana'anta don saida kaya waje, za a rage masa haraji, kuma zai shigo da injuna da zare ba tare da biyan kuɗin duwan ba. Attajirai daga Hong Kong suka zo da injunan saƙa. Masu gonakin rake na ƙasar su ma suka zuba ribarsu a ciki.

A 1975 aka sa hannu kan yarjejeniyar Lome, tsakanin Turai da ƙasashen Afirka da wasu tsibirai. Nijar ma tana ciki. Ta wannan hanya Turai ta yarda ta riƙa sayen sukarin Moris, wajen tan dubu 500 kowace shekara, da farashi mai kyau. Tufafin Moris kuma suna shiga kasuwar Turai ba haraji.

Ga abin mamaki, makiyaya. Moris ba ƙasar tumaki ba ce, ba ta auduga ba ce. Sayo gashin tumaki da auduga take yi daga waje, ta saƙa rigunan sanyi, ta saida. Cikin shekarun 1980 ta shiga sahun gaba a duniya wajen wannan sana'a, har kuɗin tufafi ya wuce na sukari. Mutum wajen dubu 90 suka samu aiki a masana'antun, yawancinsu mata. Aikin da wuya, albashin farko kuma kaɗan ne, amma ya ciyar da gidaje.

Ilimi ya taimaka ƙwarai. Mai aikin inji sai ya iya karanta lamba da awo. Tun 1977 karatun sakandare kyauta ne a ƙasar.

ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Wannan gata bai dawwama ba. A 2005 aka buɗe kasuwar tufafi ga kowa. Sin da Bangaladash, masu ɗimbin jama'a da kaya mai araha, suka cika kasuwa. Masaƙu da yawa a Moris suka rufe, dubban ma'aikata suka koma gida. Daga 2006 zuwa 2009 Turai ta rage farashin sukari da kashi 36 cikin 100.

Nan ne wahalar ƙaramin tsibiri take. Masu saye a gida kaɗan ne. Mai da kayan aiki duk daga waje suke zuwa, kuɗin jirgi kuma na kan kowane buhu.

Mutanen Moris ba su naɗe hannu ba. Suka haɗe gidajen sukari, suka bar kaɗan manya. Tukar rake da ta rage bayan matsa, ana ƙona ta a samu wutar lantarki. Kifin teku ana sa shi cikin gwangwani kafin a saida. Masaƙun da suka rage suka koma ɗinkin kaya masu tsada. Baƙi masu yawon buɗe ido da aikin banki su ma suna kawo kuɗi.

ABIN LURA

Arzikin Moris ba daga ƙarƙashin ƙasa ya fito ba, daga hannun mutane ya fito. Mai saida gyaɗa da ɓawonta riba ɗaya gare shi. Wadda ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli, riba biyu gare ta. Ku tattauna wannan a fada da wurin taron ƙungiya: me muke saidawa ɗanye wanda za mu iya gyarawa da kanmu?