Daga Kamu Zuwa Mita: Yadda Duniya Ta Yarda da Ma'auni Ɗaya

A da, idan Bahaushe zai auna ƙyalle ko igiya, jikinsa ne ma'auninsa. Akwai taƙi, wato awo da yatsu idan an buɗe hannu. Akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu. Akwai kuma gaba, wato tsawon hannaye biyu a miƙe. Waɗannan ma'aunai suna da sauƙi, domin ba a mance su a gida. Sai dai kamun dogo ya fi na gajere, saboda haka mai saye da mai sayarwa kan iya auna ƙyalle ɗaya, kowa ya sami nasa lissafin.

Irin wannan matsala ce ta addabi ƙasar Faransa a ƙarni na 18, lokacin da kusan kowane lardi yake da nasa ma'aunin. A shekarar 1791 masanan ƙasar suka ba da shawarar a ɗauko ma'auni daga ita duniyar kanta: a raba nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin ikwaita gida miliyan 10, kashi ɗaya shi ne mita. Aka tura masana taurari biyu, Jean-Baptiste Delambre da Pierre Méchain, su auna wani yanki na wannan nisa, daga Dunkirk a arewacin Faransa zuwa Basalona a Sifen. Sun fara a 1792, ba su gama ba sai 1798. A 1799 aka ƙera sandar mita ta farko da ƙarfen falatinam. Daga baya an gano cewa sandar ta gaza da kimanin milimita 0.2, amma aka bar ta haka, domin abin da ake bukata shi ne kowa ya bi awo guda.

A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu kan Yarjejeniyar Mita a birnin Faris. Tun daga 1960 kuwa ba a dogara da sanda. Tun 1983, mita ita ce nisan da haske yake ci a sararin da babu iska cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. Sanda tana iya lanƙwasa ko ta ɓace, gudun haske kuwa ɗaya ne a ko'ina.

Matakan goma-goma

Babban amfanin tsarin mita shi ne an gina shi bisa goma. Milimita 10 ne santimita 1, santimita 100 ne mita 1, mita 1,000 kuma kilomita 1. Sunayen ma suna faɗin ma'anarsu: kilo na nufin dubu, santi kashi ɗaya bisa ɗari, mili kashi ɗaya bisa dubu.

Ƙa'idar juyawa guda ce. Idan za a sauko daga babban ma'auni zuwa ƙarami, sai a ninka; idan za a hau daga ƙarami zuwa babba, sai a raba. Alal misali, ɗalibin da tsawonsa ya kai mita 1.65, idan aka ninka da 100, tsawonsa santimita 165 ne. Wanda yake tafiyar mita 2,500 zuwa makaranta, idan aka raba da 1,000, kilomita 2.5 yake yi. Lambobin ba su sake ba, ɗigon ne kawai ya gusa. Kafin ɗalibi ya miƙa takardarsa, yana da kyau ya auna amsar da hankali. Idan lissafi ya ce ƙofar aji mita 200 ce, to lallai santimita ake nufi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne awon fili. Murabba'in mita ɗaya yana da santimita 100 a tsawo, 100 a faɗi, saboda haka murabba'in santimita 10,000 ne a cikinsa, ba 100 ba.

Yadi da mil

Nijeriya ta koma tsarin mita cikin shekarun 1970, Nijar kuwa ta gaje shi daga Faransa. Duk da haka yadi, ƙafa, inci da mil, waɗanda aka gada daga Ingila, suna nan a bakin tela da kafinta da direba. Tun 1959 an tsaida ƙimarsu: inci 1 santimita 2.54 ne, yadi 1 mita 0.9144, mil 1 kuwa kimanin kilomita 1.609. Ke nan turmin atamfa mai yadi 6 bai wuce mita 5.49 ba. Wanda ya biya kuɗin mita 6 aka yanka masa yadi 6, ya yi asarar kimanin santimita 51, abin da ya isa ya hana ɗinki fita.

Asarar takan wuce ta ƙyalle nesa ba kusa ba. A ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter. Bincike ya nuna cewa rukuni ɗaya na injiniyoyi ya lissafa ƙarfin turin injin da fam, ɗayan kuma ya ɗauki alƙaluman a matsayin niyuton, ma'aunin ƙarfi na tsarin mita. Fam ɗaya na ƙarfi ya kai niyuton 4.45. Wannan saɓani ya karkatar da hanyar kumbon, ya kusanci duniyar Mars da kimanin kilomita 57 maimakon kilomita 226 da aka tsara, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Waɗannan injiniyoyi gwanayen lissafi ne. Abin da ya kuɓuce musu shi ne tantance ma'aunin da ke gaban lamba. Shi ya sa malamin lissafi yake rage maki idan ɗalibi ya rubuta 25 tsura, bai ce mita ba ne ko santimita. Malamai za su iya gwada wannan a aji: ɗalibai biyar su auna tsawon allo da kamunsu, sannan su sake aunawa da sandar mita, a rubuta amsoshin duka a kwatanta.