Kolofata: Yadda Rana Ke Cinye Launin Haja A Hoto

Duk wanda ya saba bin hanyar Mora zuwa Kolofata ya san ranar wannan yanki ba ta wasa. A watan Afrilu da kuma Agusta takan tsaya daidai bisa kai, har inuwar mutum ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. A daidai lokacin ne kasuwa ke cika, kuma a lokacin ne ɗan kasuwa ke zaro waya ya ɗauki hoton haja don aikawa Marwa ko Garwa ta WhatsApp.

Tun bayan harin da Boko Haram ta kai garin a watan Yulin 2014, da shekarun da iyakar Amchide da Banki ta yi a rufe, masu saye da dama sun rage zuwa da ƙafarsu. Hoto ne ke tsaya musu a matsayin ido. To, idan shadda mai ruwan bula ta fito fara fat a waya, ko jar albasa ta koɗe, ciniki ya lalace tun kafin a yi tayi. Abin da ya fi ciwo shi ne a aika da kaya a dawo da su, kuɗin mota ya bi ruwa.

Mun ga ya dace mu ari dabarar masu ɗaukar hoto da ƙananan jirage marasa matuƙi, domin su ne suka fi kowa fama da rana, tun da a sama babu rumfa. Yawancin waɗannan jirage ƙofar hasken kyamararsu ba ta tsukewa, shi ya sa ake ɗaura musu wani baƙin gilashi, tamkar tabarau, mai suna ND. Mai lamba 8 yana barin kashi ɗaya cikin takwas na haske ya shiga, mai lamba 16 kuma ɗaya cikin goma sha shida. Akwai wani mai suna CPL da ke kashe ƙyallin ruwa, ganye da leda, amma ba ya iya wa rufin kwano sosai. Maganin kwano sai a juya jirgin, rana ta koma bayansa.

Dalilin duk wannan wahala ɗaya ne: wurin da ya yi duhu a hoto ana iya haskaka shi daga baya, amma wurin da haske ya ƙone ya tafi ke nan.

Mai waya ba ya bukatar sayen komai. Ya taɓa allon a wurin da ya fi haske, alamar rana za ta fito, sai ya ja ta ƙasa kaɗan. Ya cire atamfa daga leda, ya goge idon kyamara da gefen riga, musamman lokacin hazo, sannan ya ba rana baya. Hantsi da bayan la'asar sun fi tsakar rana nesa ba kusa ba. Inuwa tana da kyau, sai dai a kula da shuɗin tamfol, don yakan shafa wa farin yadi launinsa. Ajiye farar takarda kusa da hajar kan taimaki mai saye ya gane launin gaskiya.

Shi kuwa jirgin kansa, muna jan kunne. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Oktoban 2015 Amurka ta sanar da tura sojoji kusan 300 Kamaru, aka girke jiragen leƙen asiri a Garwa. A wannan yanki ba a kallon abin da ke shawagi a sama a matsayin kayan biki. Kolofata gari ne mai sansanin soja, kuma tashin jirgi marar matuƙi a Kamaru sai da izinin hukuma. Wanda ke son hoton gonar albasarsa daga sama, ya fara neman takarda tukuna.