Jerin Ayyukan Yini a Ƙasar Yauri

Jerin ayyuka shi ne mutum ya rubuta abubuwan da ya ƙudura yi a yini guda, da boko ko da ajami, a takarda ko a waya, sannan ya riƙa soke kowanne da zarar ya kammalu. Amfaninsa na farko shi ne sauke wa zuciya nauyi, domin aikin da aka fara ba a gama ba yakan yi ta dawowa cikin tunani, kamar yadda masaniyar halayyar ɗan'adam Bluma Zeigarnik ta bayyana a Jamus a 1927. A 2011 masana Masicampo da Baumeister suka nuna cewa tsara yadda za a yi aikin kaɗai yana rage wannan damuwa tun kafin a taɓa shi, sannan a 2018 wani bincike na Jami'ar Baylor ta Amurka, a kan mutum 57, ya gano cewa waɗanda suka yi minti biyar suna rubuta ayyukan da ke gabansu sun riga sauran yin barci.

Sai dai akasarin littattafan da ke koyar da wannan dabara an rubuta su ne domin ma'aikacin ofis, wanda agogo ke raba masa yini, alhali a Yelwa da Birnin Yauri da Wara da Shanga ruwa da rana da kiran salla ne ke da wannan iko. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tashi dubban Gungawa daga tsibiransu zuwa sababbin matsugunai, sana'ar bakin tafki ta koma bin hawa da saukar ruwa, ta yadda manomi ke jiran ruwa ya ja ya sami dausayin shuka, masunci kuma yana sauya wurin da zai zuba raga. Saboda haka jerin da aka rubuta da ƙarfe kaza da ƙarfe kaza ba ya daɗewa a nan, domin jinkirin kwalekwale ɗaya ya isa ya rusa shi.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗaure kowane aiki da lokacin da mutum ya riga ya saba kiyayewa. Mai noman albasa, wadda Yauri ta yi suna da ita, zai rubuta ban-ruwa bayan asuba, neman man inji da hantsi, ganin dillali bayan la'asar. Mai sana'ar banda kuwa ta san cewa kifin da aka fito da shi da safe ba ya jiran azahar, don haka shi ne farkon jerinta, itace da bashin da za ta karɓo su biyo baya. Masani Peter Gollwitzer ya yi bayani a 1999 cewa niyyar da aka haɗa da takamaiman lokaci da wuri ta fi saurin zama aiki a kan niyyar da aka bari sake.

Tsawon jerin ma abin lura ne, kuma nan ne masu zumuɗi suka fi tuntuɓe, domin wanda ya rubuta abu ashirin ya yi bakwai yakan kwanta da takaicin sha ukun da suka rage. Makarantar allo ta daɗe da warware wannan, tunda malam ba ya ƙara wa almajiri karatu sai ya iya wanda ke kan allonsa ya wanke. Abu uku zuwa biyar sun wadatar, kuma wanda bai samu ba yau, saboda iska ta hana ƙetare tafki ko kasuwa ba ta yi ba, sai a mayar da shi saman jerin gobe tun da dare.